Kira Uku Daga Ƙasan Rijiya

Assalamu alaikum, Edita. Ka sakaya sunana, ko da yake na san wasu za su gane ni tun kafin su kai ƙarshe.

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, a wani ƙauye kusa da Waca. Gidanmu gidan haƙar rijiya ne tun kakanni, ni kaɗai na fita zakka. Na bar lakwal, wato makarantar boko, ba tare da na gama ba, na tara suma, ina yawo da waya ina ɗaukar muryata, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ni mawaƙin disko ne. Yayana ne ya gaji Baba, shi ke ci da ni da Inna. Yakan ce in dai waƙata ce za ta ciyar da gidan nan, to gara mu fara koyon azumi tun yanzu. Abin haushin shi ne ya fi ni murya nesa ba kusa ba, kuma bai damu da ita ba.

Masu aikin rijiya a gidanmu suna da ƙa'ida. Wanda ya shiga ƙasa ba ya yin shiru, waƙa yake yi, na bakin rijiya yana amsawa. Na ƙasa ya ce, "Na sama, kana nan?" Na sama ya ce, "Ina nan, igiya na hannu." Sai na ƙasa ya wuce zuwa wani baiti. Ba don nishaɗi ake yi ba. A tsohuwar rijiya numfashi kan ƙare wa mutum bai sani ba, kansa ya yi nauyi, ya manta komai sai abin da ke bakinsa. Don haka in na ƙasa ya maimaita kiran nan sau uku bai wuce gaba ba, ba a tambayarsa, bijimin da ke jan igiya ake kora a fito da shi. Tun ina ƙarami na san wannan kamar sunana.

Wani rani aka kira Yaya yasar wata tsohuwar rijiya a wajen Dungas, mai zurfin gaba ashirin da wani abu. Na bi shi, ba don aiki ba, don na ji yadda rijiyar ke mayar da murya da kauri, irin wanda ba a samu a sitidiyo. Na roƙe shi ya yi mini waƙar ba amshi, zan ɗauka a waya, daga baya in sa nawa amshin a kan kiɗa. Ya yi dariya ya ce to, ƙila ta haka gidanmu ya shiga rediyo. Da hantsi, bayan ya sauka, na tura leburori biyun da ke tare da mu su je shan fura saboda surutunsu. Bijimin kuma yana ta huci yana ɓata mini ɗauka, sai na kwance shi daga igiya na kai shi gindin wata aduwa na ɗaure. Na dawo na kwanta rub da ciki a bakin rijiya, na miƙa waya.

Ya yi baiti biyar lafiya lau. A na shida muryarsa ta yi ƙasa, ta yi sanyi, ta yi wani daɗi da ban taɓa ji ba. Ya ce na sama kana nan. Ya sake faɗi. Ya faɗi na uku. Wallahi na ji, na kuma san ma'anarsa. Amma na dubi wayar na ce a raina bari ya ƙarasa, minti ɗaya kawai. Ya faɗi na huɗu, can ƙasa-ƙasa, sai shiru. Kafin in kwanto bijimi, in ɗaura igiya, in kora, abin da na fito da shi gawa ce. Na gaya wa kowa cewa yana yin shiru na ja, kwana ne ya ƙare. Inna ta ce Allah ya jiƙansa, ta yi mini addu'a don na tsaya a kan ɗan'uwana.

Bayan shekara biyu ina Damagaram ina fama da waƙoƙin da ba mai saye, sai mai sitidiyon da nake zuwa ya ci karo da muryar a wayata. Ya miƙe tsaye. Ya ce wannan maimaici ukun shi ne waƙar gaba ɗaya. Na ce masa an daɗe da ɗaukarta, marigayin yana cikin ƙoshin lafiya. Da hannuna na yanke kira na huɗu na goge. Muka ɗora kiɗan disko, na sa amshina, muka mayar da ita waƙar farko a kundina. Cikin wata uku ba wayar da ba ta ciki, daga Magariya har Yamai, har Kano. Kafin shekara aka kira ni ƙasar Faransa. Na tsaya da rana tsaka a gaban Turawa da ba su san ko sannu ba da Hausa, muryar Yaya ta fito daga manyan lasifikoki tana tambaya ko na sama yana nan, su duka suka ɗaga hannu suna ihu suna cewa suna nan.

A nan ne na fara jin na huɗun. Kiɗa yana tafiya, kira uku su wuce, sai in ji shi daidai kunnena, a hankali, tare da warin jiƙaƙƙen yumɓu. Na sa mai kula da na'ura ya bincika, ya ce uku ne, ya nuna mini. Na canja gari, na canja ƙasa, bai taɓa fashi ba. Mutane suna cewa ina da salo, wai nakan daskare a tsakiyar waƙa ina kallon ƙasa.

Da na dawo gida na biya kasuwar Sassumbrum. Wani mai shago ya gan ni ya saki waƙar don ya girmama ni. Akwai wani tsoho, abokin aikin Baba, yana cinikin gero a gefe. Kira na uku yana fita ya saki kwano, gero ya watse, ya shiga waige-waige yana ihu a kora bijimi, a kora bijimi. Mutane suka yi ta dariya. Da ya dawo hayyacinsa ya gan ni, bai yi dariya ba, bai kuma karɓi hannuna ba.

Inna ba ta da waya, na daɗe ina fakewa da wannan. Ashe ta ji waƙar a gidan biki. Ranar da na iso, bayan la'asar, ta ce in kunna mata. Ta saurara ido a rufe. Shekara talatin ta yi tana auren mai haƙar rijiya, ba abin da zan ɓoye mata. Da ta ƙare ta ce ta ji muryar ɗanta, amma ba ta ji hucin bijimi ba, ba ta ji leburori ba. Sai ta dube ni ta ce, "Wannan ranar ce ko?" Na ce ita ce. Ta tambaye ni sau nawa ya kira. Na ce huɗu.

Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na daina hawa dandali, amma waƙar ta fi ƙarfina, tana cikin kowace mota da kowane biki. Ina zaune a ƙauye tare da Inna yanzu. Duk lokacin da na kira ta, ko daga zaure ne, kafin in rufe baki ta amsa ta ce tana nan. Ba ta taɓa bari na kira sau biyu ba.

Abin da na koya shi ne ban kashe yayana da ƙiyayya ba, ina son sa. Minti ɗaya na nema don kaina, a lokacin da ba nawa ba ne. 'Yan'uwana matasa masu neman suna, ku nema, ba laifi ba ne. Amma in an ba ku igiyar wani, ku ajiye wayar. Ina roƙon duk wanda ya ji waƙar nan kada ya yi rawa, ya yi wa mai muryar addu'a.