Ƙofar da Anti Merle Ba Ta Rufewa

Kafin rana ta yi zafi, Anti Merle Tolhurst ta riga ta cika wa dawakanta kwami da ruwa, ta ɗaga ƙafar kowanne ta duba kofato, ta share musu ƙuda daga ido, ta yi wa kowa faɗa da sunansa. Daga nan sai ta nufi ɗan zagayen shingen da ke bayan gidanta, ta zare sarƙa, ta wangale ƙyauren, ta tokare shi da dutse. Sai ta kifa wani tsohon bokiti ta zauna a kai da kofin shayi, tana jiran motar farko. Haka take yi tun 'ya'yana suna firamare, ga shi yanzu har na ga jika. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi, za ta koma wurin 'yarta a Townsville. Matan ƙungiyarmu suka ce ni zan rubuta mata jinjina tunda ni ce mai baki. Na karɓa da rawar jiki. Sai da na zauna da biro a hannu na gane ban san sunan aikin da zan yaba ba.

A allon bakin hanya an rubuta wai ana yi wa mutane magani da dawakai. Ni dai ban taɓa ganin magani a wurin ba, kuma da wuya ka ga wani a kan sirdi. Matar mai shagon kayan gona ta rantse mini cewa 'yarta, wadda ko uwarta ba ta yarda ta taɓa ta, a can ta fara rungume wuyan wata goɗiya, bayan wani lokaci kuma ta rungume uwar. Akwai wani tsohon soja a hanyar Cloncurry da ya ce a can ya koyi zama cikin mutane ba tare da ya jingina bayansa da bango ba. Na tambaye su duka biyun, to ita Anti Merle me ta yi? Amsarsu iri ɗaya ce: tana zaune a kan bokiti.

Nawa labarin na mijina ne, Darcy. Kowa a nan ya san shekarar ambaliya. Bayan dogon fari ruwa ya sauko, muka fita tsakar gida muna tsalle kamar yara, sai ya ƙi tsayawa, iska mai sanyi ta biyo bayansa. Shanun da muka yi shekaru muna ciyarwa da hannu, aka same su a kusurwar shinge, gab da ƙofar da ke fita zuwa tudu, sun mutu a kan juna. Darcy ya haƙa rami da katafila ya binne su shi kaɗai, ya dawo gida ya wanke hannu, daga nan magana ta ɗauke. Ya daina tashi da asuba. Takalmansa suka yi ƙura a baranda. Ranar da na same shi a rumfa zaune gaban akwatin bindiga, ba ya komai, kallonsa kawai yake yi, na ɗauke makullin na kai wa yayarsa Lorraine. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma har yau bai gama sakina ba.

Likita ya ba shi ƙwayoyi, wata nas kuma ta ce mu gwada wurin Anti Merle. Da na gaya wa Lorraine sai da ta ajiye butar shayi don dariya.

"Darcy za ki kai wurin doki a yi masa magani? Yaron da aka kusa haifa a kan sirdi? To gobe ni ma ki kai ni wurin tukunya ta koya mini girki."

"Ke kina da wata dabarar ne?" na ce.

Ba ta da ita. Ita ce ma ta taya ni saka shi a mota.

Anti Merle ta san Darcy tun yana yawo ba wando. Mahaifinta ya yi wa kakansa kiwo, ita kuma a sansanin makiyaya ta girma. Ba ta tambaye shi ya jiki ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka rame, ɗana. Shiga ciki." A cikin shingen akwai wani tsohon farin doki mai saukakken baya, sunansa Damper, don wai launinsa ɗaya da burodin da ake gasawa cikin toka. Ba ragama a kansa, ba igiya a ko'ina.

Darcy ya shiga, hannunsa ya koma baya ya ja ƙyauren ya sa sarƙa, ko waiwaye bai yi ba. Duk wanda ya tashi cikin dabbobi haka zai yi. An koya mana mu bar ƙofa yadda muka same ta, gaskiya ne, amma doki a sake da ƙofa a buɗe, hannu ba ya haƙuri. Mai kawo ciyawa yana rufe mata, likitan dabbobi yana rufe mata, har fasto ya taɓa rufe mata. Anti Merle ta miƙe daga bokitin da ƙyar, ta je ta buɗe, ta mayar da dutsen.

"Anti, ai dokin zai fita."

Kwanaki da yawa ke nan ban ji muryar mijina ba, na kusa faɗuwa daga jikin shinge.

"To ya fita mana," ta ce. "Ubanka ne ya saya masa wurin?"

Damper kuwa kamar jira yake. Ya bi ta gefen Darcy ko kallonsa bai yi ba, ya fice zuwa babban fili ya sa kai a ciyawa. Mijina ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar shinge, ba doki, ba kowa, hula a hannu. Na matsa kusa da bokitin na yi ƙasa da murya.

"Anti, yaushe za a fara?"

"Ai an fara, Glenda. Akwai sukari a gwangwani in kina so."

Tafiyar tana da nisa, rabinta ba kwalta, ga kangaru da ke tsallaka hanya ba sallama. Kowane mako muka yi ta zuwa, kowane mako abu ɗaya: ya rufe, ta buɗe, doki ya fita, ya tsaya. Ni kuma in zauna in sha shayi ina tunanin ko dai tsufa ya fara taɓa matar nan ne, ko kuwa ni ce na zautu da nake ƙona mai don mijina ya tsaya a rana. Lorraine kan bugo waya ta ce, "Ya malam doki? Ya duba maras lafiya ko yau ma yana hutu?" Abin da ya hana ni daina zuwa ɗaya ne: ranar zuwa wurin Anti Merle ita kaɗai ce ranar da Darcy yake saka takalmi da kansa.

Sau ɗaya na ce zan daina ba shi ƙwayoyin likita tunda ga dawakai. Ta tsare ni da ido ta ce, "Kada ki kuskura. Damper doki ne, bai je makaranta ba." Na ce to in haka ne me yake yi? Ta ce, "Kiwo yake yi, ba kya gani?"

Wata safiya Darcy ya shiga, hannunsa ya kai kan sarƙa, sai ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya saki sarƙar ya wuce ciki, ƙofa a buɗe. Na ce a raina yau dai dokin nan zai tsaya, ai ko dabba ta san an yi abin kirki. Ina! Ya fice abinsa kamar kullum. Haushi ya kama ni har na ji kamar in jefe shi da kofi. Anti Merle ko gezau.

Sai mako na gaba, ko na bayansa, na manta. Damper ya fita, ya yi kiwonsa, ya je kwami ya sha ruwa. Can sai ya ɗago kai, ya juyo a hankali, ya sake shiga ta ƙofar nan ba wanda ya kira shi. Ya je bayan Darcy ya tsaya, ya sunkuyar da kai daidai kafaɗarsa, yana huci a hankali, leɓensa yana ɗigar ruwa a kan rigar da na goge da safe. Darcy bai juya ba. Na ji ya ce, da wata murya kamar ta wanda ya tashi daga barci:

"Ni na rufe ta."

Anti Merle ta kama hannun rigata. "Zo ki taya ni shafa man shanu a burodi."

"Anti, magana yake yi!"

"Na ji. Ba da ke yake ba."

Na bi ta kicin ina hawaye, rabi na murna rabi na kishi. Shekara da shekaru ina aure da mutumin nan, ashe doki zai riga ni jin abin da ke ransa.

A hanyar gida ya gaya mini, idonsa a kan titi. Ranar da ruwa ya fara sauka, ya je ya rufe ƙofar tudu don kada shanu su tattake sabon tsiron ciyawa kafin ya yi ƙarfi. Duk makiyayin da ya san aikinsa haka zai yi, kuma na tabbata maƙwabtanmu da yawa sun yi. Da ruwa ya taso, shanun suka nufi tudu ta hanyar da suka sani, suka tarar da ƙofa a rufe. Ni duk watannin nan ina ce masa ba laifinka ba ne, ba laifinka ba ne, alhali ban ma san laifin da yake nufi ba.

Da na koma na ce wa Anti Merle, "Ashe kin san zancen ƙofar, shi ya sa kika yi masa haka."

"Wace ƙofa?"

Na ba ta labari. Ta cire hula ta sake sawa. Wallahi ba ta sani ba. Ta ce ita kowa ma haka take yi masa, tun farkon fara aikin. Mahaifinta a rufaffen shinge yake horar da dawakai, kuma tun tana yarinya abin yana damunta. "In ka rufe doki ya tsaya kusa da kai, ina ka san don kai ya tsaya? Mutanen da ake kawo mini kowa yana tsaye a kansu don dole, mata, likita, 'yan uwa. Ni so nake wani abu ya zo wurinsu alhali yana da hanyar tafiya."

To, ku gaya mini. In ba ta sani ba, dace ne ke nan? In dace ne, yarinyar mai shago fa, da sojan? Shi kuma Damper, me ya dawo da shi ranar, tausayi ne ko inuwa yake nema? Na tambaye ta wannan ma, ta ce wataƙila ƙuda ne suka dame shi a fili. Na rasa ko wasa take yi.

Anti Merle, ke ce kika zauna a kan bokiti kina kallon mijina yana tsaye a rana, kika hana kanki tashi ki lallashe shi, kuma yanzu na san zaman nan ya fi tashi wuya. Ke ce kika tashi da gwiwoyin nan naki sau babu adadi kina buɗe ƙofar da garin nan kaf ya dage sai ya rufe. Uwar dawakai, mai faɗa da safe. Ba ki taɓa cewa kin warkar da kowa ba, ni ma ba zan ce ba. Darcy yana da ranakun da ba ya magana har yanzu, yana shan ƙwayoyinsa, makullin kuma yana nan a wurin Lorraine.

Sauran dawakan za su zauna da Tegan, matar da ta yi shekaru tana koyon aikin a hannunta, kuma ita ma ta sayi bokitinta. Tana neman masu taya ta ranar Asabar. Duk mai ɗan lokaci ya je, ko share kashin doki ne ya yi. Ba sai ka fahimci aikin ba, ga ni nan shaida. In kuma ka tarar da ƙofar nan a buɗe, don Allah ka sa hannunka a aljihu.

Damper ya tsufa da aiki. Makon jiya sai ga Anti Merle da tirelar ɗaukar doki a gidanmu, ba ko waya. Ta sauke shi a shingen bayan rumfa, ta wangale ƙyauren, ta nemi dutse ta tokare, ta sha shayi ta tafi. Ƙofar nan tamu ba ƙaramin fili take kallo ba, daji ne har bakin kogi. Kullum in na wuce hannuna ƙaiƙayi yake yi. Darcy kuwa tun daga ranar, da asuba yake tashi, ya saka takalmi ya je ya ga ko dokin yana nan.

Yau da safe dokin ba ya nan. Na leƙa ta taga na ga shinge wayam, mijina tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu yana kallon daji. Na fita ko takalmi ban saka ba.

"Darcy, in bai dawo ba fa?"

Ya kurɓi shayinsa. "To sai in tashi gobe in sake dubawa."

Anti Merle, kin ji? Gobe ya ce. Na gode.