Tafin Hannun Baban Kunkuru

Tun yana saurayi ake kiransa Baban Kunkuru, domin bai taɓa gyara wata mota ba sai ƙananan nan masu doro da ake kira kunkuru, waɗanda injinsu ke baya, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Da kunne ya ci abinci, da kunne ya aurar da 'ya'yansa. Mota na karyo kwana zai ɗaga kai ya ce, "Wannan fetur ya yi mata yawa," tun direba bai yi sallama ba.

To, kunnen ne ya fara gudunsa. Ƙarar inji ta koma masa kamar zance a bayan bango. Bai faɗa wa kowa ba. Babbar 'yarsa ta daɗe tana matsa masa ya rufe garejin ya huta, shi kuma ya san ranar da mota ta gagare shi, ba shi da sauran hujja.

Wata safiya taubashiyarsa, tsohuwar ungozoma mai tuƙa kanta, ta shigo da tata kunkurun tana tari.

"Kai, tsoho! Motar nan ta koyi halinka. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi barci."

"Ai mai ita ta gani. Tashe ta, ki riƙe mini totur kaɗan."

Ya buɗe murfin baya, ya cire tukunyar tace iska, ya kara kunne kusa da kabureta. A da, shigar iska ta ɓarauniyar hanya takan yi masa fito sarai. Yau babu komai sai gunji. Ya juya ɗaya kunnen. Duk ɗaya.

Ya jingina cinya da jikin motar. Nan ya ji abin da bai zata ba: rawar injin tana ratsa ƙashinsa, tana tsallake bugu kamar gurguwar tafiya. Ya ɗora tafin hannu a bakin kabureta, ya rufe rabinsa. Maimakon injin ya shaƙe, sai rawar ta daidaita. Ashe iska ce ta yi yawa. Ya ɗiga fetur a gindin kabureta, babu canji. Ya ɗiga a kan robar da ta haɗa bututun shigar iska, sai injin ya zabura a cinyarsa. Ya lanƙwasa robar da yatsa, ga tsaga nan ta buɗe baki.

Ya sauke numfashi, ya zauna a kan benci yana kallon hannunsa.

"Kaburetarki lafiyarta lau," in ji shi. "Roba ce ta tsufa." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Amma ba da kunne na gano ba. Kunnen ya tafi."

Ta tuntsire da dariya har tana dafa ƙofa.

"Yau ka sani? Duk dangi mun gaji da yi maka ihu! Kana tsammanin haka muryata take?"

"Har da babbar 'yata?"

"Ita ta fara lura. Cewa ta yi in zo in ga ko har yanzu kana iyawa, tunda motar ta ba ni dalili."

"Me za ki ce mata?"

"Zan ce kurma ne, amma ta ƙyale shi da garejinsa. Tashi ka sa mini roba, ina da unguwa."

Ya miƙe yana murmushi, ya jawo akwatin kayan aiki.