A Ɗanɗana Mini Gishiri

Warin kara yana cin wuta ne ya dawo mini da kakata. Wani ne ya ƙona shara a bayan layinmu nan Gumel, sai na tsaya da ludayi a hannu, na gan ni a ƙauyenmu can wajen Ɗanzomo, ina 'yar mitsitsiya.

Kakata ta wajen uba, idan la'asar ta yi sanyi, takan fito tsakar gida ta tsaya tana kallon sama. Ni a zatona hadari take nema, don bazara ce, rumbuna sun yi ƙasa. Hayaƙi kan tashi daga gida-gida, siriri, ya bi ta kan danga ya narke cikin ganyen darbejiya. Ashe shi take dubawa. Gidan da bai tashi ba, ta san ba a ɗora tukunya ba.

Takan koma madafi. Sai ta ƙara gari a tukunyarmu. In an kwashe, ta cika akushi da tuwo da miyar kuka, ta rufe da faifai, ta aza mini a ka.

"Kai wa maƙwabciyarmu. Ki ce ta ɗanɗana mini, ko gishiri ya ji."

"Kaka, ai kin ɗanɗana."

"Harshena ya tsufa, 'yar nan. Tafi."

Matar takan karɓa, 'ya'yanta na leƙowa ta bayan zanenta, ta ce in gaya wa Kaka gishiri ya yi daidai. Ban taɓa jin an ambaci yunwa ba.

Yau ga ni uwa. Ban yi nisa a karatu ba, ba ni da wasu kalamai da zan koya wa 'yata. Idonta kuwa yana kaina. Yadda na ɗaura zane haka take ɗaurawa, in na yi tsaki ita ma ta yi. Abin nan na hana ni sukuni. Me za ta ɗauka a wurina? Nan katanga doguwa, girki a kan gas, babu hayaƙin da zai gaya maka komai.

Sai na koma saurare. Ɗakin da ke jikin namu, tun da adaidaitar maigidan ta lalace ban ƙara jin motsin tukunya ba. Jiya na cika kwano na miƙa wa 'yata, na gaya mata abin da za ta ce.

Ta dube ni. "Umma, ai kin ɗanɗana."

Nawa harshen bai tsufa ba tukuna. Na ce, "Tafi dai."

Ta tafi, kwanon a hannu biyu, tana takawa a hankali kada miya ta zube.