Kwale-kwalen da Aka Ƙi Sayar Mana

Mun tashi da asuba daga Kudan, ni da yayana, a wata akori-kura da muka ɗauko haya. Kwale-kwale na hannu za mu sayo. Gonar rakensa tana ƙetaren rafi, kuma bara ruwa ya kusa tafiya da matarsa lokacin da take kai wa masu aikin gonar abinci. Tun ranar ya rantse ba mai sake shiga ruwan nan da ƙafa. Daga shi har ita ba wanda ya iya iyo. Ni kuwa ko kududdufi na gani sai na yi addu'a.

Damina ta fara zama, ramukan titi sun cika da ruwa, masara ta kai gwiwa. A Makarfi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, da na yi ƙorafi mai suyar ta ce in je in tambayi masu wake. Nan muka ari na'urar auna danshi wurin wani kafinta, mai allura biyu da ake cakawa a katako lamba ta fito. Yayana ya ɗora ta a cinya kamar jariri har Ikara.

Daga Ikara muka sauka daga kwalta zuwa bakin wata madatsar ruwa, inda wani dattijo masunci ke jiranmu. Mun gaisa har da gajiyar shanu, sannan ya nuna mana jirgin. Wallahi a nutse yake cikin ruwa, an danne shi da duwatsu. Ashe haka suke ajiye jirgin da ba ya aiki, don kada rana ta tsattsaga katakon.

Aka jawo shi tudu, yayana ya hau cake-cake. Ko'ina ya taɓa, lamba ta haura sama. Na ce mu kama hanya tun da sauran mai a mota. Dattijon ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, itacen da ya kwana a ruwa me kake so ya gaya maka? Ku kife shi ya sha iska, ku zo mu ci abinci.”

Muka ci soyayyar tarwaɗa da kwaɗon zogale, na manta da haushin ƙosai. Bayan azahar muka sake gwadawa. Lambar ta sauka, gaba da baya da gefe duk kusan ɗaya, sai wuri guda a ƙarƙashin mazaunin tsakiya ya ƙi sauka. Yayana ya ce shi a masara ma ba ya tsoron buhunan da suka sha raɓa tare, wanda ya ƙi bushewa bayan sauran sun bushe shi ne abin tsoro.

Dattijon ya ƙwanƙwasa wurin da ƙotar wuƙa, sautin ya fito a dushe. Fentin lafiya lau, amma da ya danna ƙusa sai ta shige kamar a dafaffen rogo. Ya tsuguna yana duba wurin. Can ya ce, “Innalillahi. Jiya jikokina a nan suka zauna.”

Yayana ya ce, “Baba, ba komai, ba mu shi haka, ma liƙe a gida.” Dattijon ya ƙi. Ya ce zai cire katakon ya sa sabo, ya shiga da kansa ya zagaya ruwan, sannan ya kira mu. Abu ɗaya ya roƙa: kafin mu tafi, a auna jiragen sauran masunta. Haka suka yi ta jawo su tudu. Ban taɓa ganin mutum ya burge ni irin wannan tsoho ba.

Ana kiran magariba muka shiga Kudan, bayan mota fayau. A hanya na yi ta tunanin cewa lambar farko ba ta isa yanke hukunci ba, sai an jira an kwatanta, kuma na'ura ba ta da amfani in mai kayan ba ya son gaskiya. Matar yayana ta leƙa motar ta ce, “Ina jirgin?” Ya ce, “Mai shi ya ce ba zai ɗora ki a kai ba tukuna.”