Babin da Malam Hamma Ya Liƙe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 20 ga Fabrairu 2024, ina tsakiyar kiran suna a aji aka leƙo aka ce Malam Hamma, malamin adabi na sakandarenmu ta Bagudo, ya cika bayan 'yar gajeriyar jinya. Tun ranar na kasa zama wuri guda.

Malam, ni ce Atika, ɗalibarka ta da, wadda yanzu aka ɗora wa ajinka. Ban iya ba, kuma jarrabawa ta ƙarato.

Kowa ya san al'adarka da tsohon littafin nan na manhaja, labarin mutumin da ya ci amanar ɗan'uwansa ya ƙare yana neman abin da zai wanke shi. Farkon shekara sai ka dama sitaci ka liƙe babin ƙarshe na kowane kwafi. Mista Oluwole mai kantin littattafai ya yi ta mita wai kana ɓata masa kaya, kai kuwa dariya kawai. Ka ce wanda ya san ƙarshe ba zai ji nauyin zaɓi ba. Sai mu yi wata da watanni muna musu: shin in mutum ya ba da ransa, hakan yana goge cin amana? Ba ka taɓa raba mana gardamar ba, abin ya riƙa ba ni haushi.

Sau biyu aka kira ka Birnin Kebbi don ƙarin girma ka ƙi. Ranar kasuwar Lolo kana bisa babur kana farautar ɗalibanka da dakon man fetur ya ja zuwa tsallaken iyaka. Da ambaliya ta ci shinkafar Kaoje, ɗakinka ya zama masaukin yaran can, kai ka koma kwana a zaure. Ba ka taɓa kiran wannan sadaukarwa ba, mu ma ba mu lura ba.

Jiya na shiga aji da reza, domin dole a buɗe babin kafin jarrabawa. Na raba littattafai, ba wanda ya miƙo hannu. Na yi faɗa, na yi lallashi. Can Ummukulthum ta miƙe daga bayan aji.

"Malama, mun san mi ad ciki, yayyenmu sun gaya muna tun bara. In munka yanke, mutumin littahin mutuwa za ya yi. Mutuwa ɗaya ta ishe mu makon ga. A bar muna wanga da rai."

Na fita na tsaya bayan aji na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Gobe zan sake gwadawa, ban san ko zan iya ba.

Allah Ya gafarta maka, Malam, Ya yalwata makwancinka, Ya karɓi abin da ka bayar a ɓoye. Ga maiɗakin Malam, Inna Mairama, da 'ya'yanta da dangi na garin Bahindi, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sa yaran ajin nan a addu'a, su ma marayu ne.