Garin Gina Jiki a Furar Gwaggo

Liman na sallame sallar asuba muka bar Katsina, mu uku a wata tsohuwar mota wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Mai motar na tuƙi, ni ina baya na baje, gaba kuma abokinmu ne mai ɗaga ƙarfe, wanda dominsa aka yi tafiyar. Dole a ba shi gaba, don in ya zauna a baya ƙofa ba ta rufuwa. Mutum ne da ƙirjinsa ke riga shi shiga masallaci, sai an kai raka'a ta biyu sauran jikin yake isowa.

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Garinsu wani ƙauye ne a bayan Baure, kuma gwaggonsa ce ta riƙe shi tun yana ƙarami. Gwaggon nan tana da ɗa sa'ansa, taubashinsa ke nan, wanda tun suna yara yake naɗa shi da ƙasa a kokawa. Lokacin mutumina siriri ne, in iska ta taso sai an riƙe masa riga. Ya zo birni ya kama ƙarfe, ya cika ya batse, ya fara watsa hotuna a waya. Taubashin ya gani, ya turo masa saƙon murya, wai duk iska ce aka hura masa, in ya isa ya zo kokawar kaka a fagen garinsu. Saƙon nan ya zaga ƙauyen kaf, har tsofaffi sun ji. In bai je ba, ya ji tsoro. In ya je aka kayar da shi, wahalar ƙarfen ta tashi a banza, kuma har ya yi jikoki ba za a daina yi masa dariya ba. Ni da nake son kallo, ni na fi kowa zuga shi.

Kayansa ba yawa, 'yar jaka ce da wata ƙatuwar roba ta garin gina jiki, furotin ɗin nan da 'yan ƙarfe ke sha. Ya rungume ta a cinya kamar jaririn da za a kai rigakafi. Daga madara ake yin garin, yana da wani ɗan cokalin awo a ciki, cokali ɗaya ake kaɗawa a ruwa. Matsalar ita ce shi madara ba ta cika karɓarsa ba. Tun da ya koma wannan sabon, cikinsa ya koyi magana.

Hanyar Mashi lafiya lau, sai 'yan ramuka da suka san mai motar tamu, suna gaisawa. A Mashi muka tsaya karyawa. Jama'a, in ba ku ga babur ɗin Mashi ba, ba ku san iyakar babur ba. Na ga guda ɗauke da mutum biyu, da buhu, da akuya a tsakiya tana kallon hanya kamar ita ta biya kuɗin mai. Shayin ya yi kauri, burodin sabo ne, amma ƙosan ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai tuya ko maɓallin riga take sayarwa. Ta ce in ba na so in ajiye, masu so na nan tafe. Na ci abina.

Daga nan zuwa kwanar Dutsi ido ya sha kallo. An gama girbi, dammunan gero jibge a bakin gonaki, harawa an ɗora ta a kan bishiyoyi don kada dabbobi su taɓa, amalanken shanu na jan kaya a hankali ba ruwansu da hon ɗin kowa. Muna cikin wannan daɗi sai wani abu ya ratsa motar. Mai motar ya sauke gilashi, ni ma na sauke nawa. Mutumina ya dubi waje ya ce, "Kamar akwai mushe a gefen hanya."

Mai motar ya ce, "Mushen nan tun daga Katsina yake bin mu, kuma kujerar gaba ya kama."

A Daura bel ɗin fanka ya tsinke, Allah ya taimake mu a cikin gari ne. Muka tura motar zuwa shagon wani Ibo mai kayan gyaran mota, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ɗauko bel, ya ƙare wa mutumina kallo sama da ƙasa, ya ce, "Maigida, wannan jikin na aiki ne ko na hoto?" Mutumina ya ce gobe zai ji labari. Kafin bakanike ya gama ɗaura bel ɗin na leƙa kasuwa na sayo goro da sabulu na gwaggo, don ba a shiga gidan tsohuwa hannu na dukan cinya.

Muka bi ta Zango muka wuce Baure, muka saki kwalta muka kama burji. Dab da azahar muka isa. Tun daga bakin gari ake leƙen motar, ana nuna mutumina, shi kuma ya fito da damtse ta taga wai yana shan iska. Gwaggo ta tarbe mu a tsakar gida, 'yar tsohuwa mai kuzari, ta zagaya mutumina tana tattaɓa kafaɗunsa kamar mai taya sa a kasuwa. Taubashin ba ya nan, yana wajen abokansa ana shirya shi.

A nan aka yi kuskuren. Za mu tafi masallaci, mutumina ya miƙa wa gwaggo robar, ya ce, "Gwaggo, cokali ɗaya tak za ki kaɗa mini a ruwa. Ga cokalin nan a ciki."

Ta ce, "A ruwa? Ka zo gidana in ba ka gari da ruwa kamar ɗan kurkuku? Jeka ka yi sallarka, ɗan nan."

Muka dawo muka tarar da ƙwarya cike da fura, an dama ta da kindirmo mai kauri, tana wani ƙamshi kamar shagon alawa. Ban taɓa shan fura irin wannan ba, kuma ba na fata in sake. Ludayi in ka tsayar da shi a tsakiya, tsayawa yake. Gwaggo ta ja kujera ta zauna a kanmu, duk wanda ya ajiye ludayi sai ta ce ko bai yi daɗi ba ne. Ni da mai motar muka sha daidai cikinmu. Mutumina kuwa, da yake shi ne ɗan gida kuma shi ne mai fita fage, sai da ta ga ƙasan ƙwarya.

Sai da ya je ɗauko robarsa ya ji ta sakayau. Ya buɗe, kusan rabi ya tafi. Ya ce, "Gwaggo, da me kika auna?"

Ta ce, "Ni tun da nake ban taɓa auna wa baƙo abinci ba. Da ludayi na zuba har sai da ya ji. Wancan ɗan cokalin naka na sa shi a gishiri, nan ne ya dace da shi."

Na so in ce ko don ɗanta ta yi mana haka, sai ta nuna wata ƙwaryar a rufe da faifai, ta ce ga ta taubashin nan ta ajiye masa, shi ne bai shigo ba. Tsakani da Allah ta yi.

Kafin la'asar gidan ya zama wani abu. Cikina ya ɗure tam kamar ganga, gyatsa kawai nake. Mai motar ya ɗauki buta ya ɓace, ba mu ƙara ganinsa ba sai bayan magariba. Shi kuwa gwanin namu, cikinsa na ƙugi har kajin gwaggo suka bar gindin tabarmar. Ya kewaya ya dawo, ya sake kewayawa ya dawo, zufa na keto masa. Na ce ko mu aika a ce ba shi da lafiya. Ya ce in ya faɗi haka, gara a kayar da shi sau goma, don ba wanda zai yarda. A daidai nan muka jiyo ganga daga fage.

Fagen ya cika maƙil, har kan bishiya mutane ne. Masu rake da masu gyaɗa na ta ciniki, makaɗa sun saki kiɗa, ƙananan 'yan kokawa suna ta share fage. Da aka kira taubashin, wurin ya ɗauki sowa. Gajere ne, baƙi, a dunƙule kamar turmi, damatsansa cike da layu. Ya zagaya yana kirari, yana nuna mutumina yana kumbura kumatu, wai ga mai iska. Mutumina ya cire riga, mata suka rangaɗa guɗa. Jama'a na ganin yadda yake takawa a hankali, ƙafafu a matse, fuska a murtuke, suka ce kai, wannan ya san kansa. Ni kaɗai na san abin da yake riƙewa. Da zai shiga ya raɗa mini, "In abin nan ya daɗe, na mutu."

Taubashin irin masu jan kokawa ne, ya saba ya yi ta zagaye yana gajiyar da mutum. Ya fara 'yar rawarsa ke nan, yana miƙo hannu yana janyewa, mutumina da ba shi da lokacin wasa ya afka masa. Ya cafe shi ta ƙugu, ya ɗaga shi sama cak har ƙafafunsa na wutsil-wutsil, ya maka shi da ƙasa. Makaɗin bai ma gama juya gangarsa ba. Wurin ya fashe da sowa. Ni kaina na manta da cikina, na yi tsalle har hulata ta faɗa cikin tiren mai gyaɗa.

To, a garin in ka yi kaye irin wannan, samari ne ke sungumarka a kafaɗa su zagaya da kai fage suna jefa ka sama suna cafewa. Na ga sun taso gadan-gadan. Na dubi mutumina, ya dube ni, idonsa ya yi jawur. In aka jefa shi sama ko sau ɗaya, nasarar nan za ta koma abin da ya fi kaye muni, a kan kawunan mutane kuma. Na faɗa tsakiyar fage na ware hannuwa na ɗaga murya. Na ce kada wanda ya kuskura ya taɓa shi, an yi masa shiri mai zafi a birni, duk wanda ya taɓa shi kafin rana ta faɗi hannunsa zai shanye. Allah ya yafe mini ƙaryar nan. Samari suka ci birki, na gaba na komawa baya suna take na baya. Hanya ta buɗe fetal. Mutumina ya bi ta da wani irin sauri wanda ba gudu ba ne ba kuma tafiya ba, ni ina biye da shi da butar wani mai rake. Ya isa gidan gwaggo da mutuncinsa, da ƙyar.

Da yamma na hau babur zuwa Baure na samo masa gishiri da sukarin nan na zawo. Mai kemis ya ce ya yi ta shan ruwa, ya huta da garin, in bai tsaya ba zuwa gobe mu wuce asibiti. Kafin gari ya waye ya lafa, sai dai ƙirjin ya ɗan sace.

Da safe maganar shirin birni ta iso kunnen gwaggo. Ta fito har ƙofar gida ta ce wa masu zuwa barka, "Wane irin shiri? Ɗana ba ya bin boka. Furata ce." Muna loda kaya sai ga taubashin yana ɗingishi. Ya ce wa mutumina, "Kai ragon birni, ka ci sa'a jiya. Amma ka bar mini sauran garin nan, baɗi mu sake." Mutumina, wanda ko ɗanɗano ba ya ba mu, ya miƙa masa robar da hannu biyu. Ya ce, "Riƙe, ɗan'uwa. Amma Gwaggo za ka ba ta dama maka, ita ta san kan abin."

Muka kamo hanya gilashi a sauke, muka iso Katsina lafiya bayan azahar. Abin da na koyo, garin nan abinci ne, amma ɗan cokalin da ke ciki ba don ado aka sa shi ba. In madara ba ta karɓarka, ka fara da kaɗan ko ka nemi wani iri, kuma kada ka haɗa shi da kindirmo ranar da jama'a za su kalle ka. Mutumina ya koma ƙwai da wake da gyaɗa, ya ce sai cikinsa ya yafe masa. Jiya ya kira ƙauye, ya ce a ba shi taubashin su gaisa. Aka ce ya ɗan kewaya, a sake kira an jima.