Jan Kwalin da ke Sito

Manajar shagon takalman ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barin fuskokin ma'aikatanta. Ita ma da tsaron shago ta fara, ta san yadda ake haɗiye zagin mai saye ana murmushi. Shi ya sa da ta ga idon ɗayansu ya kaɗa, sai ta ce, "Shiga sito ka dubo min jan kwalin nan."

Babu wani jan kwali a siton. Kujera ce kawai da gorar ruwa, sai ƙofa mai rufuwa. Ita kuma sai ta tsaya ta shanye sauran faɗan mai sayen. Sabon ma'aikaci kan birkice siton yana nema, tsofaffin na ƙunshe dariya. Shagunan maƙwabta sun sha zawarcin ma'aikatanta, ba wanda ya motsa.

Ranar da ta dawo daga zaman makokin mahaifiyarta, tana gwada wa wata tsohuwa takalmi, sai idon manajar ya kaɗa. Kashiyan shagon ya durƙusa kusa da ita, ya karɓi takalmin.

"Anti," ya ce a hankali, "jan kwalin nan fa, yau ba wanda ya dubo shi."